Tafarnuwar Alby

Itace na huɗu yana cikin kwanciya Rhonda Pegg ta iso layi na uku a guje, takalmin roba ɗaya a ƙafarta, ɗayan ya maƙale a taɓo can baya. Ba da ƙara ya faɗi ba. A hankali ya sunkuya kamar tsohon da ke neman wurin zama, ƙasar gindinsa ta ɗago ta buɗe baki, rassansa na sama suka ja ragar da aka lulluɓe gonar da ita saboda tsuntsaye har ta yage.

"Des! Des, kana ina?"

Des Fyfe, aminin mijinta tun suna firamare, ya ɓullo daga ƙasan layin yana dafe da ƙugu, iska na neman raba shi da hularsa. Shekarunsa sittin da shida, gudu ya daɗe da fita daga tsarinsa.

"Na gani, na gani! Kada ki tsaya a ƙarƙashinsa, matsa!"

Kafin iskar ta lafa, itatuwan ceri tara suna kwance. Tara, daga cikin waɗanda mijinta Alby ya dasa da hannunsa shekarar da aka haifi 'yarsu Tess. Idanun furensu sun kumbura, saura kwana goma su buɗe.

Rhonda ta juyo kan Des. "Me ka yi musu jiya?"

"Abin da kika ce. Layi na ɗaya, na biyu, na uku, gefen kogi. Shekara arba'in ina jan wuƙar nan a bayan tarakta, ban taɓa kayar da itacen kowa ba."

"Ga tara nan a kwance suna gaishe ka."

"Haba Rhonda. Miƙo min shebur, bakinki ba zai tona ƙasa ba."

Kowa a kwarin Huon ya san dokar yankan saiwa. Ceri, mai ƙananan jajayen 'ya'yan nan, itace ne mai son jiki. In ƙasa ta yi masa daɗi sai ya yi ta tsawo da ganye, ya tokare raga, ya rufe kansa da inuwa, 'ya'ya kuwa sai ɗai-ɗai. Shi ya sa a ƙarshen sanyi, cikin Agusta, kafin fure, ake nutsa doguwar wuƙa a ƙasa a ja ta gefen layi, ta datse saiwoyin da suka yi nisa. Alby yakan ce itacen da ya ƙoshi mantuwa gare shi, sai an ɗan taɓa shi a ƙafa yake tuna abin da aka dasa shi domin shi. Amma gefe ɗaya ake yanka a shekara. Bara gefen dutse, bana gefen kogi. Ɗaya gefen shi ke riƙe da itacen.

Sai da suka yi kusan awa guda suna karɓa-karɓa da shebur a gefen dutse, lakar na kama ƙarfe kamar danƙo, kafin Des ya durƙusa ya zura hannu cikin ramin. Ya ciro guntun saiwa mai kaurin damtse. Kanta a datse yake sumul, ya yi baƙi.

Ya daɗe yana jujjuya ta.

"Wannan ba yankan bara ba ne," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Yankan bara da yanzu ya fitar da zaruruwa kamar gemu. Duba, ko ɗaya babu. Wannan bai wuce wata huɗu ba. An yanka, sanyi ya shigo, ba ta samu ta farfaɗo ba. Jiya kuma na zo na yanke mata ɗaya ƙafar."

Wata huɗu. Rhonda ta zauna a kan gangar itacen da ya faɗi.

Ranar ce. Wata Talata a Afrilu, ta tafi Hobart ganin likitan ido, ta bar Alby da abinci a tukunya da takarda manne a jikin firij. Ta dawo da la'asar ba ya gida. A ƙasan gona ta same shi zaune a kan tsohuwar taraktarsa, mai ya ƙare, wuƙar a ɗage a baya. Ya dube ta cikin ladabi ya ce, baiwar Allah, ko kin san hanyar gidan su Pegg? Mako biyu bayan nan ta kai shi gidan kula da tsofaffi a Huonville. A watan Mayu ta sayar da taraktar da wuƙar, don ba ta iya wucewa ta gabansu. Ba wanda ya yi tunanin tambayar abin da ya yini yana yi ranar. Ciyawa kuma ta daɗe da rufe tsagar.

"Ya ɗauka Agusta ne," in ji ta.

"Ya ɗauka. Kuma Allah kaɗai ya san layi nawa ya yi, da ta wane gefe." Des ya kalli sauran layuka goma sha ɗaya da suka miƙe har bakin shinge. "In na yanka wanda ya riga ya yanka, kin ga sakamakon. In mun bar su duka, kafin Kirsimeti sun fasa ragar nan, ceri kuma sai dai ki saya a kanti."

"Mu tona kowane layi."

"Rami ashirin da biyu? Ni da wannan bayan, ke da gwiwar nan taki? Sai dai a binne mu a na biyar."

"To mu jira mako mai zuwa, in nemo masu tono."

"Wuƙar ba tawa ba ce, ta ƙungiyar manoma ce, kin sani. Shekaranjiya na ɗauko ta daga gonar su Mackey, gobe da asuba za ta haye kogin Derwent, mutum shida ke layi. Kafin ta zagayo fure ya zube. Yau ce ko baɗi."

Rhonda ta dubi wuƙar inda take jingine a bayan taraktar Des, jar laka busasshiya maƙale a kafaɗarta. Ta tuna wayar Tess ta makon jiya daga Perth. Mama, ki sayar ki huta, Baba ba zai sani ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiyar maganar.

Ta miƙe. "Zan je in tambaye shi."

Des ya girgiza kai. Ya ce, "Ranar Lahadi da na je, ce min ya yi in gaida babana. Babana ya shekara talatin a ƙasa, Rhonda."

"Ka tokare waɗanda suka saura a layin nan da sanduna. In ka gama, ka sa injin yankan ciyawa ka share bakin layukan, ciyawar ta kai gwiwa, tarakta ba ta ganin inda take juyawa. Ina dawowa kafin ƙarfe biyu."

"An gama, ranki ya daɗe. Ki dai nemo ɗaya takalmin tukuna, kada su riƙe ki a can su ba ki gado."

*

Pramila ce a bakin aiki a gidan tsofaffin, 'yar Nepal ɗin nan mai dariya da ido, wadda ke yi wa Alby aski.

"Anti Rhonda! Yau Alhamis fa. Lafiya?"

"Yaya ya tashi?"

"Ya ci kunun hatsinsa, ya zagi mai karanta labarin yanayi a talabijin. Ranar kirki ce." Ta dubi lakar da ke wandon Rhonda, ta rage murya. "Kada ki matsa masa da tambaya, kin ji? Jiya ya yi kuka don ya kasa tuna sunan cokali."

Yana zaune a bakin taga, inda yake zama kullum, yana kallon wani siririn itacen ado da aka dasa a tsakar wurin ajiye motoci. An sa masa rigar sanyin da ta saƙa masa, an ɓalle maɓallan daidai, abin da shi bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Hannuwansa ne suka fi ba ta tausayi. Sun yi fari, sun yi laushi, ba ko ɗigon baƙi a ƙarƙashin farce.

Ta jawo kujera. "Alby."

Ya juyo, ya yi mata murmushin da yake yi wa masu zuwa tsinkar ceri ranar farko. "Sannu da zuwa. Aiki kike nema? Kin yi sauri, sai Disamba."

Wata huɗu ke nan tana shigowa ɗakin nan da fata guda, ya gane ta, wata huɗu tana haɗiye shi a bakin ƙofa. Ta haɗiye na yau.

"Ba aiki ba. Tambaya ce. A watan Afrilu ka fita da tarakta, ka yanka saiwa. Ka tuna?"

"Ba a yanka a Afrilu."

"Na sani. Amma ka yanka. Layi na uku, gefen dutse. Sai wanne kuma?"

"Wa ya ce na yanka?" Girarsa ta haɗe. "Ba a yanka a Afrilu. Wane sakarai ne zai... ni ban... ina makullin? Wa ya ɗauki makullin taraktata?" Ya shiga lalube aljihu, numfashinsa na hawa.

"Shi ke nan, shi ke nan, yana nan a rataye inda ka bari." Ta kama hannunsa. Ya janye, ba da fushi ba, irin janyewar mutumin da baƙuwa ta taɓa.

Ta mayar da hannunta cinya. Agogon bango ya ce sha biyu da kwata. Ta yi wautar zuwa, Des ya yi gaskiya. Za ta koma ta ce a mayar da wuƙa, ta kira Tess da yamma.

Pramila ta shigo da tire. "Baba Alby, ga abinci. Naman rago da dankali."

Ya ɗaga murfin, ya sunsuna, ya ture. "Wannan ragon bai taɓa haɗuwa da tafarnuwa ba ko a hanya."

"Kai Baba, kullum sai ka faɗa."

"Kullum sai kun manta." Ya juyo wajen Rhonda, fuskarsa ta saki, ya sami wadda zai kai wa ƙara. "Da kin ci na matata. Ronnie. Takan soke naman da tsinin wuƙa, ta cusa ƙwaya-ƙwaya har ya zama kamar bushiya. Tun daga ƙasan gona kake jin ƙamshin."

Ronnie. Ba wanda ke kiranta haka sai shi. Ta manne hannuwanta tsakanin gwiwoyi.

"A gonarku kuke shuka ta?" ta tambaya, don kawai kada ya daina.

"Ni nake shukawa. Ita kuma ta yi faɗa." Ya yi 'yar dariya har kafaɗunsa suka motsa. "Shekara talatin da biyar tana faɗa. Alby, mutane masu hankali fili guda suke warewa a bayan kicin. Kai kuma uku a nan, uku a can, sai na zaga gona kaf da kwando kafin in tara na miya. In ce mata ai maganin ƙwari ce."

"Ba maganin ƙwari ba ce?"

"Ina! Ƙwarin Huon har da tafarnuwar suke haɗawa." Ya matso, ya duba ƙofa, ya yi ƙasa da murya. "Littafina ne. Ni da biro ba ma shiri. Duk layin da na ja wa wuƙa, in na kai baki sai in sauko in tura ƙwaya uku a cikin tsagar. Gefen da ta tsiro, shi na yanka. Ba na yin layi in bar shi ba tafarnuwa, ko ana ruwan ƙanƙara. Don ba a yankan gefe biyu, yarinya. Ko me za ki yi wa itace, ki bar masa abin riƙewa."

Nan take Rhonda ta tuna. Tsinken koren ganye da ta riƙa hangowa a bakin layuka duk tsawon sanyin nan, daga tagar kicin. Ta ɗauka ragowar bara ce da ta tsere wa kwandonta. Ba ta taɓa sauka ta duba ba, don ba ta son taka inda ta same shi ranar.

Ya kamata ta tashi a guje. Ba ta tashi ba.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mata ba?"

"In gaya mata ta daina zuwa?" Ya kalle ta kamar ta yi tambayar yara. "Ba ki gan ta ba ne. A Disamba, rana na faɗuwa, ta taho tsakanin layuka da hular kabarta da kwando, tana magana ita kaɗai, tana tsine wa ranar da ta auri mahaukaci. Ni kuma ina saman tsani a cikin ganye, ina kallonta. Duk shekara." Ya mayar da ido taga. Murmushin ya dusashe a hankali. "Ta daɗe ba ta zo ba. Ban san abin da na yi mata ba."

Pramila ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Ba ka yi mata komai ba," in ji Rhonda. "Gona ce ta riƙe ta."

"Ai gona haka take." Ya gyaɗa kai, ya gamsu. "In kin gan ta, ki ce ta zo ta ɗauke ni. Lokacin yanka ya yi, ga idon itacen can ya kumbura. Ba za ta iya ita kaɗai ba."

"Zan gaya mata."

Tana bakin ƙofa abin ya faɗo mata kamar dutse. Bakin layuka. Injin yankan ciyawa. Da bakinta ta sa Des.

*

Wayar Des ta yi ta ƙara har ta gaji, sau biyar. Tana can cikin aljihun rigar da ya rataye a shinge, ta sani, kuma ko a kunnensa take ba zai ji ba in injin na aiki. Ta fizgi a-kori-kurar ta hau titi. Bayan gada wata babbar motar katako ta shiga gabanta, ta yi ta jan jiki a kan hawa kamar mai zuwa biko. Rhonda ta danna hon, ta zagi direban, ta zagi katakon, ta zagi wanda ya zana titin da lanƙwasa goma sha biyu. Ido na zubar da ruwa, tana sharewa da bayan hannu tana canja giya.

Tun daga ƙofar gona ta san ta makara. Ba ƙarar inji. Bakin layukan tas, a share kamar filin ƙwallo, Des na zaune a kan tayar tarakta yana shan shayi daga murfin fulas.

"Kin ga aiki?" ya ce yana nunawa da haɓa. "Ko gemun ango bai kai haka kyau ba. Me tsohon ya ce?"

"Ka yanke ta."

"Na yanke wa?"

"Tafarnuwar, Des! Tafarnuwar Alby!"

Ta zayyana masa a tsaye, rabi magana rabi haki. Des ya ajiye murfin fulas a hankali. Ya cire hula, ya sosa sanƙo.

"Ɗan banzan tsoho," ya ce. "Shekara arba'in muna shan giya tare, bai taɓa... Na ga wasu dogayen ganye, na ɗauka ciyawa ce." Ya dubi filin da ya share. Guntayen ciyawa sun baje ko'ina, kore ɗaya, ba a bambance komai. "Ki yafe ni, Rhonda."

Ta taka zuwa bakin layi na uku, gefen dutse, inda suka riga suka san amsar. Ta tsaya. Iska ta juyo daga kogi, ta kawo mata ɗanyen ƙamshin ciyawar da aka yanka, da warin man inji, da wani abu a ƙarƙashinsu, siriri, mai yaji, wanda ta sani kamar sunanta.

Ta zube a kan gwiwoyinta, mai ciwon da mai lafiyar. Ta share guntayen ciyawa da tafin hannu, ta kai hanci ƙasa. Ga su. Kututture uku farare, kowanne kamar kan fensir, suna tsatsafar da ruwa.

"Des! Kawo tsumma ko igiya, duk abin da ka samu!"

Haka suka bi gonar, ita a rarrafe, shi a baya da jar igiyar ɗaurin ciyawa. Kowane layi gefe biyu, ta share, ta sunsuna, ta murza ƙasa a yatsa.

"Na huɗu, babu."

"Kin tabbata?"

"Hancin nan ya shekara talatin da biyar yana farautar tafarnuwar mutumin nan. Babu. Wuce."

Na biyar, gefen dutse. Des ya ɗaura igiya a turke. Na shida babu, na bakwai babu. Na takwas, gefen dutse.

"Da mai ɗaukar hoto zai wuce yanzu," in ji Des, "da kin fito a jarida. Matar Pegg ta koma kiwo."

"Ka ci gaba. Kai ne za ka ɗaga ni in na gama, mu ga bayan wa zai fara karyewa."

Na tara, gefen dutse. Na goma da na sha ɗaya babu. Ba tsari a cikin abin, ya yi ta tsallake ne yadda hankalinsa ya riƙa zuwa yana tafiya a ranar. Amma duk inda wuƙa ta shiga, ya sauko ya tura ƙwaya uku. Mutumin da ya manta hanyar gidansa bai manta wannan ba.

A na goma sha huɗu, na ƙarshe, inda ta same shi a kan tarakta, ba uku ta tarar ba. Tsagar cike take, kututture sun fi ashirin a jere, duk abin da ya rage a aljihunsa. Ta daɗe a durƙushe a wurin. Des ya ɗaura igiyarsa, ya tafi duba man tarakta, abin da ya riga ya duba da safe.

Layi huɗu masu jar igiya suka bari. Sauran bakwai Des ya ja musu wuƙa ta gefen kogi, Rhonda na tafe a baya tana jin ƙarar saiwoyi na tsinkewa a ƙarƙashin ƙasa, ɗas, ɗas, kamar ana karya ƙashin kaza. Ƙarfe biyar saura kaɗan suka gama. Iskar yamma ta taso kamar yadda masu hasashen yanayi suka faɗa, ta kaɗa raga, ta girgiza rassa. Ba itacen da ya motsa daga gindinsa.

Rhonda ta shiga kicin, ta ciro kan tafarnuwa biyu daga kitson da ke rataye a bayan ƙofa, na Disambar da ta wuce. Ta ɗaga waya ta kira gidan tsofaffi.

"Pramila, in fure ya buɗe, za a ba ni shi na yini ɗaya?"

"Sai na tambayi babbarmu, Anti. Kin san zai iya rikicewa. Ba lallai ya gane wurin ba. Ba lallai ya gane ki ba."

"Ba sai ya gane ni ba. Zan sa hular kaba in ɗauki kwando. Shi dai a zaunar da shi inda zai hango layi."

Ta fito tana ɓare ƙwayoyin a aljihun riga. Layi na ɗaya, gefen kogi, uku. Na biyu, uku. Ƙasar tsagar a buɗe take, da sanyi, tana karɓar yatsa har gaɓa ta biyu. Des na wajen famfo yana ɗaure wuƙar a kan tirela.

Tana bakin layi na shida ta ji mota. Fara ce, mai tambarin gwamnati a ƙofa. Ta tsaya a wajen shinge, ba ta shigo ba, ko da yake ƙofar a buɗe take. Wata mata mai gajeren gashi ta buɗe, ta zauna a gefen kujera, ta zura wa takalmanta farar leda ɗaya bayan ɗaya kafin ta taka ƙasa. Rhonda ta ga Des ya daina ɗaurin da yake yi.

"Sannunku da aiki," in ji matar. Idonta ba a kansu yake ba, yana kan tirela. "Daga sashen lafiyar shuke-shuke nake. Wuƙar ƙungiya ce wannan? Wadda ta yi aiki a gonar Mackey ranar Litinin?"

"Ita ce," in ji Des.

"An wanke ta kafin ta bar can?"

Des ya dubi jar lakar da ke kafaɗar wuƙar. Ƙasar gonar Pegg baƙa ce.

Matar ta sauke numfashi, ta buɗe fayil. "Sakamakon gwajin saiwoyinsu ya fito yau da rana, an samu cuta mai bin ƙasa. Ina fata dai ba ta taɓa ƙasa a nan ba tukuna." Ta bi layukan da kallo, tsaga bayan tsaga, sababbi, baƙaƙe, har bakin shinge. Ta mayar da ido kan takarda. "Sunan Albert Pegg ne a nan. Yana kusa?"

"Ba ya nan," in ji Rhonda.

"Yaushe zai dawo?"

Ƙwaya uku na cikin tafin Rhonda. Ta sunkuya, ta tura su cikin tsagar ɗaya bayan ɗaya, ta danne ƙasar da babban yatsa. Sannan ta miƙe, ta goge hannu a wando.

"In fure ya buɗe," ta ce. "Ni ce matarsa. Ki shigo ki faɗa min. Ki dai kula da inda kike takawa, akwai shuka a nan."